Ma'ana Biyu, Faɗi Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tasawi a Ilimin Manɗiƙi

Ɗaliban da ke karanta manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da auna hujja, a zaurukan Kano, da 'yan'uwansu da suka haɗu da shi a jami'a ta ƙofar falsafa ko lissafi, kusan wuri ɗaya suke yin tuntuɓe: inda aka ce kalmomi biyu sun hau kan abubuwa guda, amma kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi maimaitawa a wannan babi.

Me ake nufi in an ce ma'anoni biyu faɗinsu ɗaya?

Duk kalmar da ke iya hawa kan abubuwa da yawa tana da fuska biyu. Ta farko ita ce abin da hankali ke kamawa in an ambace ta, wato mafhumi. Ta biyu ita ce ɗaiɗaikun abubuwan da za a iya nunawa a ce wannan yana ciki, wancan ma yana ciki, wato misdaƙi, wasu malamai kuma su ce masadaƙ. Mafhumin "ɗan kasuwa" shi ne mai saye da sayarwa don riba. Misdaƙinsa kuwa shi ne mutanen kansu, daga mai tebur a bakin Kurmi har mai sito a Singa.

To idan aka sami mafhumi biyu daban-daban, amma duk abin da ɗaya ya hau kansa ɗayan ma ya hau, babu saura ta kowane ɓangare, sai a ce akwai tasawi tsakaninsu, su kuma a kira su mutasawiyani. Misali mafi tsabta shi ne alwatika. "Siffa mai gefe uku" ma'ana ce, "siffa mai kusurwa uku" wata ma'ana ce dabam, domin ƙirga gefe ba ƙirga kusurwa ba ne. Amma ba za ka taɓa zana ɗaya a allo ba tare da ka zana ɗayar ba.

Hanyar gwaji ba ta da wuya. Ka gina jumla biyu masu farawa da "kowane", ɗaya ta tafi, ɗaya ta dawo. Kowane mai gefe uku mai kusurwa uku ne. Kowane mai kusurwa uku mai gefe uku ne. In duka biyun sun tsaya, an sami tasawi. In ɗaya ta faɗi, babu shi.

Ba wannan ne taradufi ba?

A'a, kuma nan ne aka fi ruɗewa. Taradufi lafazi biyu ne, ma'ana ɗaya, kamar insan da bashar a Larabci, ko kogi da gulbi a Hausa. Wanda ya san ma'anar kalmomin biyu, babu sabon abin da zai ƙaru da shi in aka ce masa kogi gulbi ne. Tasawi kuwa ma'anoni biyu ne da suka yi kiciɓis a kan jama'a ɗaya. Shi ya sa gano tasawi ilimi ne, wani lokaci ma sai da hujja mai tsawo. Ɗalibin da ya fahimci cewa duk lambar da ke rabuwa da 6 ita ce mai rabuwa da 2 da kuma 3, kuma duk mai rabuwa da 2 da 3 tana rabuwa da 6, ya koyi wani abu game da lambobi, ba game da ƙamus ba.

Taradufi magana ce a kan lafuzza. Tasawi magana ce a kan ma'anoni da abin da suka ƙunsa.

Waɗanne alaƙoƙi ne kuma ake samu in ba tasawi ba?

Malaman manɗiƙi sun ce duk mafhumi biyu na gama-gari da ka ajiye kusa da juna, alaƙarsu ba ta wuce ɗaya cikin huɗu. Su ne ake kira nisabul arba'a. Na farko tasawi, an gama bayaninsa. Na biyu tabayuni, inda babu abu ko ɗaya da suka yi tarayya a kansa, kamar doki da dutse.

Na uku umumi da hususi muɗlaƙi, inda ɗaya ya haɗiye ɗayan ya kuma yi saura. Kowane ɗan Fagge Bakano ne, amma ba kowane Bakano ne ɗan Fagge ba. A wajen mafi yawan malamai haka annabi da manzo suke: kowane manzo annabi ne, ba kowane annabi ne manzo ba. Haka ma baligi da ɗan shekara 18. A mashhurin mazhabar Malikiyya, wanda alamomin balaga ba su bayyana gare shi ba ana hukunta balagarsa da cikar shekara 18, don haka duk wanda ya kai waɗannan shekaru baligi ne. Amma yara da yawa sun balaga tun suna 14 ko 15, azumi ya hau kansu, alhali dokar ƙasa ba ta ba su damar jefa ƙuri'a ba. Mai cewa "ai ya balaga" da mai cewa "ai bai kai ba" sukan kwana suna gardama, ba su lura cewa awo biyu suke riƙe da su ba.

Na huɗu umumi da hususi ta fuska, inda suka haɗu a wani yanki, kowanne kuma ya keɓanta da nasa. Bahaushe da Musulmi ke nan. Sun haɗu a kan miliyoyin mutane. Amma akwai Maguzawa da Hausawa Kiristoci a gefe guda, akwai Musulmin Indonesiya da na Turkiyya a ɗaya gefen. Wannan na huɗun shi ne ya fi yaudarar mutum, domin in yankin haɗuwar ya yi faɗi a inda yake zaune, sai ya ɗauka tasawi ne.

Me ya sa malamai ke daɗewa a kan hamdu da shukru a farkon littafi?

Domin nan ne ɗalibi ke fara ganin wannan awo a aikace, tun kafin ya san sunansa. Malam ya buɗe sharhi, ya karanta "alhamdu lillahi", sai wani daga bayan zaure ya ce, "Allah ya gafarta Malam, hamdu da shukru ba ɗaya ba ne?" Amsar da aka saba ita ce, a ma'anarsu ta lugga, hamdu da harshe kaɗai ake yin sa, amma ana yin sa ko an yi maka alheri ko ba a yi ba. Shukru kuma sai a kan alheri, amma ana yin sa da harshe, da zuciya, da gaɓɓai. Wanda ya yabi mai kyauta da bakinsa ya yi duka biyun. Wanda ya yabi jarumtar mutumin da bai taɓa ba shi komai ba ya yi hamdu kawai. Wanda ya tashi ya yi wa mai taimakonsa hidima bai ce uffan ba ya yi shukru kawai. Umumi da hususi ta fuska ke nan.

Ina amfanin tasawi wajen yin ta'arifi?

Nan ne gidansa. Sharaɗin ta'arifi shi ne ya zo daidai wa daida da abin da ake bayyanawa: ya tattaro duk 'yan gida, ya hana baƙo shiga. Shi ne jami'i mani'i da ake yawan ji. A Sullam, littafin manɗiƙi na baitoci da Ahalari ya tsara, an zo da shi da lafazin muɗɗaridi da mun'akisi. In ka ce zakka ita ce dukiyar da ake bai wa mabuƙaci, ta'arifinka ya yi faɗi, don sadaka da kyauta sun kutso. In ka ce ita ce abin da ake fitarwa daga kuɗi, ya yi ƙunci, don ka bar hatsi da dabbobi a waje.

Sai dai tasawi shi kaɗai ba ya mai da ta'arifi ya zama mai kama ainihin abu. Marubutan tarihin falsafar Girka sun kawo cewa Aflaɗon ya bayyana mutum da cewa dabba ce mai ƙafa biyu marar gashin tsuntsu. Sai Diyojinis ya fige zakara, ya kai shi makarantar ya ce ga mutumin Aflaɗon. Ko da ba a fige zakaran ba, ta'arifin bai gaya mana abin da ya sa mutum ya zama mutum ba. Alama ce kawai ta gane shi daga nesa. Wannan ne ya sa aka raba haddi da rasmi. Haddi yana zuwa da jinsi, wato babban gidan da abu yake ciki, da fasali, wato abin da ya raba ainihinsa da sauran 'yan gidan, kamar "dabba mai hankali". Rasmi yana zuwa da hassa, wato siffar da ta keɓanci abu amma ba ita ce ainihinsa ba, kamar "dabba mai dariya". Duka biyun sun yi tasawi da mutum, amma ba darajarsu ɗaya ba. Tun Aristotil aka san hassa da cewa ita ce siffar da ake iya juya ta da mai ita, Furfuriyus kuma ya jera ta cikin kulliyyai biyar, wato kashi biyar na ma'anonin gama-gari, a littafinsa Isaguji a ƙarni na 3.

Akwai wata 'yar gargada a nan. "Mai dariya" na nufin mai iya dariya, abin da ake cewa bil-ƙuwwa. In aka ce wanda ke dariya a yanzu ne, wato bil-fi'ili, tasawin ya rushe nan take, don yawancin mutane a wannan sa'a ba dariya suke yi ba.

Duk tasawi ƙarfinsa ɗaya?

A'a, ko kusa. A ganina wannan ita ce tambaya mafi nauyi a babin, kuma ita ce aka fi wucewa da sauri.

Akwai tasawin da hankali ne ya wajabta shi, kamar na alwatika. Babu zamani, babu ƙasa, babu dokar da za ta raba gefe uku da kusurwa uku. Akwai kuma tasawin da yanayi ne ya kawo shi, yanayi kuma na iya ɗauke shi. Kanawa sun ga wannan da idonsu. Da aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, ta fi Masarautar Kano faɗi, domin masarautun Haɗeja da Gumel da Kazaure duk suna cikinta. Da aka cire Jigawa a 1991, sai abin da ya rage na jihar ya zama duk a ƙarƙashin masarauta ɗaya. Shekara da shekaru, in ka ce "ƙasar Jihar Kano" ko ka ce "ƙasar Masarautar Kano", taswira ɗaya za a miƙo maka, mai ƙananan hukumomin da adadinsu ya kai 44. Amma ko a lokacin babu wanda ya ɗauki gwamna a matsayin sarki, ko majalisar dokoki a matsayin majalisar fada. Mafhumin jiha daban, na masarauta daban. A 2019 da aka yi dokar da ta kafa masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, iyakokin suka saɓa, ba tare da ma'anar ko ɗaya cikin kalmomin biyu ta canza ba.

Abin da nake so ɗalibi ya riƙe shi ne, in ya ga abubuwa biyu kullum suna tafiya tare, ya tambaya: dole ce ta haɗa su, ko kuwa haka aka wayi gari aka same su? Wanda bai yi wannan tambaya ba zai gina hukunci na dindindin a kan abin da gobe zai iya sauyawa.

Misalin ya tono wani abu kuma. Kalmar "Kano" kanta mushtaraki ce, lafazi ɗaya mai ma'anoni da yawa. Tsoho a Madabo in ya ce Kano, wataƙila cikin ganuwa yake nufi. Direban da ya taso daga Legas yana nufin birnin da kewayensa, har Kumbotso da Ungogo. Jami'in gwamnati yana nufin jiha. Ba a auna nisabul arba'a sai an tsayar da ma'ana ɗaya ga kowane lafazi.

In faɗinsu ɗaya, ba zan iya sa ɗaya a gurbin ɗaya ba a kowace magana?

A wasu maganganun za ka iya, a wasu ba za ka iya ba. Dubi Zara da Gamzaki. Zara ita ce mai hasken nan da ake gani ta yamma bayan faɗuwar rana, wadda ake yi wa kirari da matar wata. Gamzaki shi ne wanda masu fita sallar asuba ke gani ta gabas. A haƙiƙa abu ɗaya ne, duniyar da Larabawa ke kira Zuhra, ta biyu daga rana. Da yake hanyarta na tsakaninmu da rana, ba ta nisa da ita a sama, don haka wasu watanni ta biyo bayan rana da magariba, wasu watanni ta riga ta fitowa da asuba, zagayen kuma yana cika cikin kwana 584 ko kusa da haka.

In ka ce Zara ta fi mu kusa da rana, ka cire Zara ka sa Gamzaki, maganar tana nan gaskiya. Amma in ka ce "Kaka ta san Zara ce ke fitowa da magariba", ba za ka mayar da ita "Kaka ta san Gamzaki ne ke fitowa da magariba" ba, don mai yiwuwa ta rantse maka ba haka ba ne. Kalmomi irin su sani, zato, nufi, so da tsoro ba sa kallon misdaƙi kaɗai, suna kallon ta wace ƙofa mutum ya riski abin. Masanin lissafi na Jamus, Gottlob Frege, ya gina shahararriyar maƙalarsa ta 1892 a kan wannan misali na tauraron safe da na yamma, inda ya raba ma'anar suna da abin da sunan ke nunawa.

Ba sai an ɗaga kai sama ba ma. A unguwanni da yawa za ka tarar dattawa bakwai ɗin da ke kwamitin masallaci su ne dai ke kwamitin Islamiyya. Suna zama a tabarma ɗaya bayan isha'i, ma'aji ɗaya ke riƙe da littattafan biyu a aljihun babbar riga. Duk da haka, kuɗin da wani ya bayar don sayen man janareta na masallaci ba ya halatta a biya albashin malaman Islamiyya da shi don kawai mutanen ɗaya ne. Mai bayarwa ya yi niyya da mafhumi, ba da jerin sunaye ba. Rigingimun amana da yawa daga nan suke tasowa, kuma galibi ba da mugun nufi ba.

To me ya sa a lissafi ake cewa rukuni biyu masu 'ya'ya guda rukuni ɗaya ne?

Domin lissafin rukunai da gangan ya zaɓi ya kalli misdaƙi kaɗai. Ƙa'ida ce da Ernst Zermelo ya sa cikin tubalan wannan fanni a 1908: rukuni ba shi da wata shaida sai 'ya'yansa. Da'irorin da ɗaliban sakandare ke zanawa, waɗanda aka saba kira da sunan John Venn, nisabul arba'a ne a hoto: da'ira biyu a rabe, ko ɗaya cikin ɗaya, ko masu cin gefen juna, ko waɗanda suka hau kan juna suka zama ɗaya. Wannan zaɓi yana da ƙarfi, yana kuma da farashi. A wannan awo, "alwatika mai gefe huɗu" da "doki mai ƙaho" duk rukuni ɗaya ne, wato wanda babu komai cikinsa, alhali na farko hankali ne ya kore shi, na biyu kuwa ba a dai same shi ba ne.

A Turai, littafin manɗiƙin Port-Royal da aka buga a Faransa a 1662 shi ne aka fi dangantawa da fito da bambancin abin da ma'ana ta ƙunsa da faɗin da ta mamaye. Daga nan aka saba cewa in sharuɗɗa sun ƙaru, jama'a sai ta ragu: ɗan kasuwa, ɗan kasuwar Kwari, ɗan kasuwar Kwari mai sayar da atamfa. Amma ba kullum ba. Ƙara wa alwatika sharaɗin kusurwa uku ba ya korar ko ɗaya, kuma wannan rashin raguwar shi ne alamar tasawi.

Sunaye da yawa na abu ɗaya fa, taradufi ne ko tasawi?

Malamai sun lura akwai wani mataki a tsakani. Larabawa na kiran takobi saif, su kira shi sarim saboda kaifinsa, su kira shi muhannad saboda dangantakarsa da Indiya. Abin da ake nufi ɗaya ne, amma kowane suna da siffar da yake haskawa. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya kira irin waɗannan mutakafi'a a gabatarwarsa kan usulin tafsiri, ya ce suna tsakanin mutaradifa, masu ma'ana ɗaya, da mutabayina, masu ma'anoni a rabe, ya kuma kawo sunayen Allah da na Manzonsa (SAW) da na Alƙur'ani a wannan babi. Ar-Rahman da Al-Ƙadir duk Ubangiji ɗaya suke nufi, amma rahama ba ita ce ma'anar ƙudura ba. Da wannan ya bayyana cewa yawancin saɓanin magabata a tafsiri bambancin lafazi ne a kan abu ɗaya, ba karo ba.

In aka kore ma'anonin biyu fa, wato aka ɗauki kishiyoyinsu, yaya alaƙar take zama?

Kishiyoyin mutasawiyani su ma mutasawiyani ne: duk abin da ba mai gefe uku ba, ba mai kusurwa uku ba ne, haka kuma in an juya. A umumi da hususi muɗlaƙi kuwa abin kifewa yake yi. Bakano ya fi ɗan Fagge faɗi, amma "wanda ba Bakano ba" ya fi "wanda ba ɗan Fagge ba" ƙunci, tunda mutumin Gwale ya shiga na biyu bai shiga na farko ba.

Ba ilimin Girkawa ba ne wannan? Ya halatta a koye shi?

Asalin tsara shi daga Girka ne, babu ɓoyo. Saɓani a kansa kuma tsoho ne. Ibn Salah da Nawawi sun hana. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauke shi ma'aunin da ilimi ba ya amintuwa sai da shi. Ahalari ya kawo maganganun a Sullam, ya rinjayar da halacci ga mai lafiyayyen hankali da ya riga ya ƙoshi da Alƙur'ani da Sunna.

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan muhawara. Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Magili, wanda ya sauka garin a ƙarshen ƙarni na 15 zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma ake danganta Sharifai da zuriyarsa, masanin manɗiƙi ne da ya yi wallafa a fannin. Ya yi musayar baitoci da Jalaluddin Suyuɗi na Masar, wanda ya rubuta littafi a kan haramcinsa. Hujjar Magili ita ce manɗiƙi hanya ce ta tsayar da gaskiya, gaskiya kuma ana karɓarta ko daga bakin wa ta fito. Ni dai ban ga yadda mai karatun usulul fiƙhi zai fahimci amm da hass, wato gama-gari da keɓantacce, ko mai tauhidi ya bi bayanin siffofi, ba tare da waɗannan awo huɗu ba, ko ya kira su da sunansu ko bai kira ba.

Daga wane littafi ya kamata a fara?

Yawanci da Sullam ake farawa. Mawallafinsa shi ne Abdurrahman al-Akhdari na Aljeriya, mai Ahalarin nan da yara ke karantawa a babin tsarki da salla. Ya tsara shi a shekara ta 941 bayan hijira, yana ɗan shekara 21, baitocinsa ɗari da arba'in da 'yan kai, ana haddace shi cikin sauƙi. A ciki za a sami alaƙar lafuzza da ma'anoni da sharuɗɗan ta'arifi. Isagujin Abhari ma gajere ne, yana gyara wa mutum kulliyyai biyar. Cikakken bayanin nisabul arba'a da hukuncin kishiyoyinsu kuwa sai a Shamsiyya ta Katibi da Tahzib na Taftazani da sharhohinsu. Masu sayar da littattafan Larabci a Kurmi sun san waɗannan sunaye. Kada a karanta su ba malami, domin matanin a dunƙule yake, kuma kowane babi yana buƙatar ɗalibi ya kawo misalai nasa, malam ya gwada su da jumla biyun nan masu "kowane", ya nuna masa wadda ta faɗi.